Gano furotin masu isar da saƙo da siririn bututu da ƙugiya mai ƙyalli: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin ɗaliban digiri na biyu da na uku a bayokemistiri da ilimin magunguna, da ma'aikatan ɗakin gwaji a Kaduna da Zariya, duk lokacin da aka taɓo hanyar rarrabe furotin da lantarki a cikin siririn bututu, a gano su da ƙugiya mai ƙyalli, wato sinadari mai rini da furotin ɗin ke kamawa. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, na'urar tana ganin furotin da ya kama ƙugiya ne kawai, ya kuma riƙe ta har suka iso gaban hasken lesa tare. Yawancin matsalolin da za a ci karo da su a ƙasa, daga wannan riƙon suke tasowa.

Su wane ne furotin masu isar da saƙo, kuma me ya sa gano su yake da wuya?

Homon da yawa ba sa shiga cikin ƙwayar halitta. Adrenalin, alal misali, a bakin ƙofa yake tsayawa, ya maƙale wa wani furotin da ke jikin fatar ƙwayar, wanda za mu riƙa kira makarɓi. Daga nan furotin na ciki su karɓi saƙon, wannan ya miƙa wa wancan, har ya kai inda za a aikata shi. Mafi shahara a cikinsu su ne furotin G, waɗanda Alfred Gilman da Martin Rodbell suka sami kyautar Nobel a kansu a 1994. Kowanne yana da sassa uku: alfa, beta da gama. Sashen alfa, mai nauyin kilodalton 40 zuwa 50, shi ne makunnin. Ɗaya daga ƙananan sinadarai biyu yake riƙewa: GTP mai fosfet uku ko GDP mai fosfet biyu. Idan yana riƙe da GDP a kashe yake. Idan makarɓi ya sa ya saki GDP ya kama GTP ya kunnu. Bayan ɗan lokaci shi da kansa zai gutsure fosfet ɗaya ya koma a kashe. Jikin ɗan Adam yana da makarɓai kusan 800 da ke aiki ta wannan hanya, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na magungunan da ake sha a kansu suke aiki.

Wannan ba labarin nesa ba ne. Dafin ƙwayar kwalara yana manna wa wani irin sashen alfa da ake kira Gαs wani guntun sinadari da ke hana shi kashe kansa, sai hanji ya yi ta zubar da gishiri da ruwa ba tsayawa. Dafin tarin shiƙa kuma wani irin sashen alfa, Gαi, yake toshewa. Wahalar gano su ta zo ne daga abu uku: ba su da yawa a cikin ƙwaya, 'yan gida ɗaya suna kama da juna ƙwarai, sannan abin da mai bincike ya fi buƙatar sani shi ne nawa ne a cikinsu ke da ikon aiki.

Yaya ake rarrabe abubuwa a cikin siririn bututu?

Duk wanda ya taɓa yin gwajin jinotayif a kan takardar selulos asetet ya riga ya san tushen abin. Haemoglobin S ya rasa caji negatif ɗaya a gurbi na shida na sarƙar beta, inda balin ya maye gurbin gulutamet, shi ya sa yake baya da haemoglobin A idan aka sa musu lantarki. A nan ma haka ne, sai dai an maye gurbin takardar da bututun gilashin silika wanda raminsa bai wuce maikromita 25 zuwa 75 ba, wato kwatankwacin kaurin gashin kai. Ana cika shi da ruwan bafa, wato ruwan gishiri mai hana pH canzawa, a tsoma bakinsa biyu cikin ƙananan kwalabe, a sa ƙarfin lantarki har zuwa kilobolt 30. James Jorgenson da Krynn Lukacs ne suka nuna ƙarfin wannan tsari a 1981, da bututu mai ramin maikromita 75.

Sirantar ita ce sirrin. Zafin da lantarki ke haifarwa yana fita da sauri ta bango, don haka ana iya ɗaga ƙarfin wuta sosai, rarrabewar da ke cin awa a kan jel ta kammala cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna. Bututu mai ramin maikromita 50 da tsawon santimita 50 kusan maikrolita ɗaya yake ɗauka gaba ɗayansa, samfurin da ke shiga kuwa nanolita 10 zuwa 20 ne.

Akwai abu na biyu da babu shi a zahiri a gwajin jinotayif. Idan pH ya haura 3, bangon silika yana ɗaukar caji negatif, ya jawo ayon masu caji fozitif daga bafa, su kuma su ja ruwan gaba ɗaya zuwa ɓangaren negatif. Wannan kwararar ruwa a pH 8 zuwa 9 tana da ƙarfin da za ta kwashi kusan komai zuwa wurin gani: masu caji fozitif su fara isowa, marasa caji su biyo, masu negatif su zo ƙarshe domin suna iyo ne suna fuskantar ruwa.

Mece ce ƙugiya mai ƙyalli?

Wani abu ne da furotin ɗin da ake nema yake kamawa bisa ɗabi'arsa, aka ɗaura masa rini mai mayar da haske. Idan lesa mai shuɗin haske na nanomita 488 ta haska rinin, sai ya mayar da koren haske, shi muke kira ƙyalli. Ana gauraya ƙugiyar da samfurin, a bar su su kama juna, a tura cikin bututu. Ƙugiyar da ta kama furotin ta yi nauyi, cajinta bisa girmanta ya canza, don haka gudunta ya bambanta da na wadda ba ta kama komai ba. A allon kwamfuta sai a ga tudu biyu: na haɗakar ƙugiya da furotin, da na sakakkiyar ƙugiya. Sauran dubban furotin da ke cikin samfurin suna wucewa ta gaban lesa ba a gan su ba, tunda ba su da rini.

Kiyohito Shimura da Barry Karger ne suka raɗa wa hanyar suna affinity probe capillary electrophoresis a 1994, inda suka auna homon girma da guntun antibodi mai rini. Ɗakin binciken Robert Kennedy ya yi amfani da aftama, wato gajeren zaren DNA mai naɗewa ya kama furotin, a 1998, sannan a 2003 a Jami'ar Mishigan suka gano furotin G da GTP mai rini, aka raba tudun biyu cikin ƙasa da minti ɗaya, a ma'aunin 'yan nanomola.

Tunda akwai Westan bulot da ELISA, me wannan ya ƙara?

Westan bulot yana dafa furotin cikin sabulun SDS kafin ya gan shi, saboda haka mai rai da matacce duk layi ɗaya suke bayarwa, kuma aikin yini guda ne ko biyu. ELISA tana da wanke-wanke da yawa, haɗakar da ba ta da ƙarfin riƙo a nan take zubewa. Tsohuwar hanyar auna furotin G kuwa da GTPγS ce, wato kwaikwayon GTP da furotin bai cika iya gutsurewa ba, mai salfa-35, mai fitar da radiyeshan: tana buƙatar lasisi da wurin zubar da shara na musamman, kuma rabin ƙarfinta yana tafiya duk kwana 87, wanda babbar asara ce ga kayan da sai an yi odarsu daga waje. Bututu yana ba da amsa a kan furotin mai aiki, daga samfurin maikrolita 10 zuwa 20 da za a iya ɗiba daga ciki sau da yawa.

Inda ya gaza shi ne bai faɗin sunan abin da ya kama ƙugiyar, kuma samfuri ɗaya yake bi a lokaci guda. Mai son tantance samfuri 90 na marasa lafiya a rana, ELISA ta fi masa. Duba amsar da ke kan tabbatar da tudu.

Waɗanne kayan aiki ake buƙata? Na'urar jinotayif ko ta karanta DNA za ta yi?

Ana buƙatar injin ba da babban lantarki mai kaiwa kilobolt 30, da wayoyin filatinom biyu, da bututun silika mai rufin foliyimid, da lesa ta 488, da matacin haske mai barin wajen nanomita 520 ya wuce, da idon karɓar haske mai ƙara masa ƙarfi, da tsarin sanyaya bututun. Na'urorin kasuwa irin na SCIEX da Agilent sun haɗa mafi yawan waɗannan a akwati ɗaya, amma a tabbatar akwai sashen lesa, domin da yawa da fitilar UV kawai suke zuwa. UV ba ta gani a ƙasa da maikromola, ga shi kuma tana ganin kowane furotin, wanda ya rusa amfanin ƙugiyar.

Na'urar Sebia ta jinotayif bututu ne da ita, sai dai tana auna jan launin haemoglobin ne a nanomita 415, kuma a rufe take da bafar kamfaninta. Na'urar karanta DNA tana da lesa, amma an gina ta ne don polima mai warware DNA a zafi mai yawa, yanayin da ke raba furotin da ƙugiyarsa. Duka biyun ba su dace ba. Wanda zai harhaɗa tasa a kan tebur, dole akwatin babban lantarkin ya kasance da makullin da ke yanke wuta da zarar an buɗe murfi, kuma a sa tabaran kariya daga lesa. Wannan ba wurin tsimi ba ne.

Wace ƙugiya ta dace da wane furotin?

Ga sashen alfa na furotin G, wadda aka fi sani ita ce BODIPY FL GTPγS, wato GTPγS da aka ɗaura wa rinin BODIPY FL. Rinin yana shan haske wajen nanomita 503 ya mayar wajen 512, kuma ƙyallinsa bai damu da pH ba, saɓanin fulorosin da ke dushewa idan pH ya sauka ƙasa da 7. Tana da wata ɗabi'a mai amfani: idan tana sake, guwanin da ke jikin GTP ɗin yana naɗowa kusa da rinin ya dushe shi, idan furotin ya kama ta, ta miƙe, haske ya ƙaru. Ta fi kama Gαo da ƙarfi da sauri, Gαi1 ya fi jinkiri, Gαq kuwa da ƙyar yake sakin GDP ɗinsa ba tare da makarɓi ba. Ga ƙananan masu kama GTP irin su Ras da Rab, an fi amfani da wadda aka ɗaura rinin a jikin sukarin ribos. A kula, rinin mant da ake yawan gani a takardun bincike haske wajen nanomita 360 yake so, lesa ta 488 ba za ta tashe shi ba.

Ga furotin masu sashen SH2, irin su Src da Grb2, ana amfani da gajeren feftayid mai tayirosin da aka sa wa fosfet. Idan antibodi za a ɗauka, kada a ɗaura wa cikakken antibodi (IgG) rini barkatai: kowane ɗaya zai ɗauki adadin rini daban, tudun ya baje kamar tsibin yashi. Guntun Fab' mai kilodalton 50, da rini ɗaya tak a wurin salfa na maganaɗinsa, shi ke ba da tudu siriri. Aftama tana da fa'ida ta musamman a wurinmu, domin a bushe take zuwa, zafin hanya bai cika lalata ta ba. Kafin aiki a ɗumama ta zuwa digiri 95 na minti 5 a bar ta ta huce a hankali ta naɗe daidai, kuma a ba ta gishirin da take buƙata. Ta turombin, misali, sai da fotasiyam.

Malam, a taƙaice yaya ake yin gwajin daga farko har ƙarshe?

A yanke bututu mai ramin maikromita 50 tsawon santimita 30 zuwa 40 da guntun tangaran na yanka, a duba bakin da madubin ƙara girma. Bakin da ya karkace yana jawo wa tudu jela. A ƙona rufin foliyimid na milimita 2 zuwa 3 inda lesa za ta haska, a goge da metanol. Wurin nan da aka tuɓe yana karyewa da taɓawa kaɗan. Sabon bututu a wanke shi da NaOH mai mola 1 na minti 20, ruwa minti 10, bafa minti 20. Tsakanin kowane gudu da na gaba, NaOH mai mola 0.1 minti 2, ruwa minti 1, bafa minti 3.

Bafar haɗawa mai kyau ta farawa ita ce HEPES milimola 10 a pH 8.0, da EDTA milimola 1, da MgCl2 milimola 10. Magniziyam ɗin tilas ne, idan babu shi furotin G ba ya riƙe GTP da ƙarfi. A sa ƙugiya nanomola 100, a sa furotin, a ajiye a duhu a digiri 25. Gαo yana cika cikin kamar minti 10 zuwa 15, Gαi1 yana iya kaiwa awa. A bi shi da gudu duk bayan 'yan mintuna har tudun haɗaka ya daina girma. Ras da danginsa kuma sai an fara janye magniziyam da EDTA su saki GDP, sannan a mayar da shi da yawa ya kulle ƙugiyar. A ƙara rinin rodamin 110 nanomola 10 zuwa 20 a kowane samfuri a matsayin ma'aunin ciki.

Bafar gudu, Tris milimola 25 da gilaisin milimola 192 a pH wajen 8.5, ba ta jan lantarki da yawa. A guji boret a nan, domin yana kama ribos na GTP ya canza masa gudu. A tura samfuri da matsi na 0.5 psi na daƙiƙa 3 zuwa 5, a sa kilobolt 15 zuwa 20. Haɗaka ce za ta fara isowa, sakakkiyar ƙugiya ta biyo baya saboda yawan cajinta negatif.

Nawa za a zuba ƙugiya, kuma yaya ake fitar da lissafi?

Ƙugiya ta fi furotin yawa, ta kuma haura Kd, wato ma'aunin da rabin furotin ke kamuwa a kansa. Idan Kd nanomola 10 ne, sakakkiyar ƙugiya nanomola 10 za ta kama rabi, nanomola 100 za ta kama kashi 91 cikin ɗari. Wuce haka da yawa ba riba, sai dai tudun sakakkiya ya yi faɗi ya haɗiye na haɗaka.

Kuskure biyu ne suka fi yawa. Na farko, gwada faɗin tudun haɗaka, wato girman filin da ke ƙarƙashinsa, da na sakakkiya kai tsaye, alhali ƙyallinsu ba ɗaya ba ne, kamar yadda aka yi bayani a amsar zaɓen ƙugiya. Dole a zana layin awo da tsabtataccen furotin a matakai biyar ko shida, kowanne sau uku. Na biyu, mantawa cewa abin da ke tafiya a hankali yana daɗewa a gaban lesa, tudunsa ya fi faɗi ba don ya fi yawa ba. A raba faɗin kowane tudu da lokacin isowarsa, sannan a raba da na rodamin.

Ƙugiya ta fito, amma tudun haɗaka babu, ko kuma wata shimfiɗa ce tsakanin tudun biyu. Me ya faru?

Nan ne gizo ke saƙa. Da zarar an kunna wuta, haɗaka ta rabu da sakakkiyar ƙugiya, don haka duk wadda ta saki furotin ɗinta a hanya ba ta da mai maye gurbinta. Waɗanda suka sake a tsakiyar tafiya su ne ke zama shimfiɗar nan mai gangarowa. Lissafin a fili yake: idan kashi ɗaya cikin ɗari ke sakewa duk daƙiƙa, rabi zai tafi cikin daƙiƙa 69. Gudun daƙiƙa 30 zai iso da kashi 74, gudun minti 5 kuwa kashi 5 kacal zai iso da shi. Furotin ɗaya, ƙugiya ɗaya, amma wani zai ce ya gani wani ya ce babu.

Maganin shi ne a gajarta tafiya. A tura samfurin ta gajeren ɓangaren bututu, wanda yake santimita 10 a na'urorin SCIEX da 8.5 a na Agilent, a juya fuskar lantarki. A sauke sanyin bututu zuwa digiri 15. A sa MgCl2 milimola 1 a bafar gudu, da sanin cewa zai rage kwararar ruwa kaɗan. Shimfiɗar kanta ba shara ba ce: Sergey Krylov da Maxim Berezovski a Toronto sun nuna a 2002 cewa daga siffarta ana fitar da saurin sakewa da Kd a gudu ɗaya. Idan kuwa babu tudu babu shimfiɗa, to ko furotin ya mutu, ko ya manne a bango.

Yaya ake gane furotin ya manne a bangon bututu?

Alamominsa: tudun haɗaka mai doguwar jela, lokacin isowar rodamin yana ƙaruwa daga gudu zuwa gudu, faɗin tudu yana raguwa. Bango negatif ne, duk furotin mai facin caji fozitif zai so zama a kansa. Yawancin sassan alfa negatif ne a pH 8 zuwa sama, shi ya sa ake gudu a can. Idan hakan bai isa ba, a koma bututu mai rufin ciki na foliyakirilamid ko PVA. A irin wannan babu kwararar ruwa, sai a juya fuskar lantarki, sakakkiyar ƙugiya ta riga haɗaka isowa, kuma kada NaOH ya taɓa shi, zai cinye rufin.

Kwalbar samfuri ma tana shan furotin idan ya yi ƙaranci. Ana sa Tween 20 kashi 0.01 cikin ɗari. Albumin da aka saba sawa yana da haɗari a nan, saboda BODIPY mai son maiƙo ne, albumin yana iya kama shi ya ba da tudun ƙarya.

Zafin Kaduna yana shafar sakamako?

Ƙwarai. Gudun abu a bututu yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya, domin ruwa yana tsinkewa. A Maris da Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 35, ɗakin da babu na'urar sanyaya iska zai ba da lokacin isowa ɗaya da safe, wani daban bayan azahar. Bakin bututu biyu da ke cikin kwalabe ba sa cikin sashen da ake sanyayawa, kuma nan ne samfurin ke fara tafiya, don haka zafin ɗaki yana taɓa haɗaka tun kafin ta shiga sanyi. A riƙe farantin samfuri a digiri 4 zuwa 10, a rufe kwalabe, domin a hunturu busasshiyar iska tana ƙafar da maikrolita 10 cikin ƙanƙanin lokaci ta ɗaga ma'aunin komai.

Sai zafin da wutar kanta ke haifarwa. Kilobolt 20 da maikro'amfiya 30 wat 0.6 ke nan. Don sanin iyaka, a riƙa ɗaga ƙarfi da kilobolt 2.5 ana rubuta kwararar lantarki. Inda layin ya fara lanƙwasa sama, an wuce abin da sanyaya ke iya ɗauka, a tsaya ƙasa da nan. Komawa daga ramin maikromita 50 zuwa 25 yana rage kwararar lantarkin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, sai dai ya fi saurin toshewa.

Lantarki yana faɗuwa zuwa sifili ana cikin gudu, ko allon ya cika da ƙananan tsinaye. Daga ina?

Faɗuwa zuwa sifili kumfa ce, ko toshewa, ko bututu ya tsage a wurin da aka ƙona. A tura ruwa da matsi a ga ko ɗigo na fita ta ɗaya bakin. A fitar da iska daga bafa da injin girgiza na sauti na minti 10, musamman wadda aka ciro daga firij, domin tana sakin kumfa idan ta ɗumama. Tsinaye masu kaifi da ba sa maimaita wurinsu ƙura ce ke watsa hasken lesa. Daga Disamba zuwa Fabrairu a tace kowace bafa da matacin maikromita 0.2 a ranar aiki, a juya samfuri a injin juyawa na minti 5, a rufe taga da na'urar. Ruwa kuma sai tataccen ɗakin gwaji mai megohm 18.2, na bohol da fiya wata suna ɗauke da kalsiyam da ke zama a bangon silika.

Ɗaukewar wuta tana buƙatar shiri tun kafin a sayi na'ura. Lokacin sauyawa zuwa janareta ya isa ya kashe gudu ya girgiza lesa. A sa UPS mai juya wuta a kowane lokaci, da waya ta ƙasa mai kyau, domin idon karɓar haske yana ɗaukar hayaniyar lantarki. Lesa ta diyod ta fi tsohuwar ta agon dacewa da inbata da sola, wutar da take ci kaɗan ce ƙwarai. A ba ta minti 20 zuwa 30 ta daidaita kafin awo. Kwalaben bafa na bakin bututu a sauya su duk bayan gudu biyar zuwa goma, tunda lantarki yana canza musu pH.

Yaya zan tabbatar tudun da na gani na furotin ɗina ne?

A fara da ƙugiya ita kaɗai, a san tudunta da duk ƙananan da ke tare da ita. Sannan a zuba GTPγS marar rini ninki 100 kafin ƙugiya: tudun gaskiya zai ɓace. A maimaita da ATP ninki 100: ya kamata ya tsaya. A dafa furotin a digiri 95 na minti 5: ya ɓace. Tudun da ya tsallake GTPγS marar rini, maiƙon rini ne ya manne a wani wuri. Don sanin suna, a ƙara antibodin furotin ɗin marar rini. Idan tudun ya matsa zuwa wani lokaci, shi ne.

A sa ido kan wani tudu da ke girma a hankali yayin da na haɗaka ke raguwa. BODIPY FL GTPγS ba ta kai GTPγS marar rini juriya ba, kuma an nuna sashen alfa yana iya tsinke ta sannu a hankali, ya bar rini da fosfet ɗaya. Saboda haka kowane samfuri da kowane ma'auni su yi zaman haɗawa na lokaci iri ɗaya.

Za a iya aiki kai tsaye da ruwan ƙwayoyin da aka fasa?

Za a iya, bayan gyara. A cikin ƙwaya GTP ya kai wajen rabin milimola, wato ya ninka ƙugiyar nanomola 100 sau dubbai, don haka sai an cire shi da ƙaramin bututun tace gishiri. Wannan matakin yana kuma kawar da NaCl milimola 137 na PBS, wanda ke baje tudu idan samfuri ya fi bafar gudu gishiri. A yi komai a kan ƙanƙara da magungunan hana narkar da furotin. Furotin G a jikin fatar ƙwaya suke, sai an ciro su da sabulu mai laushi irin kolet ko CHAPS. SDS yana kashe su. A rage sabulun kafin sa ƙugiya, domin dunƙulensa yana haɗiye BODIPY. Kuma a tuna tubulin da furotin masu taya ribosom aiki su ma GTP suke kamawa, sun kuma fi furotin G yawa nesa ba kusa ba, don haka gwajin antibodi na amsar da ta gabata ya zama dole.

Yaya za a adana ƙugiya da furotin?

Ranar da kaya suka iso, kafin komai, a guda ƙugiyar ita kaɗai a ajiye hoton. Idan babban tudu ɗaya ne, ta iso lafiya. Idan ya rabu uku ko huɗu, ta narke a hanya. A raba ta ƙananan kwalabe na maikrolita 2 zuwa 5, a naɗe da takardar aluminiyam, a sa a digiri 20 ƙasa da sifili, kowace kwalba a narkar sau ɗaya. Furotin digiri 80 ƙasa da sifili yake so. Firiza mai buɗewa ta sama, cike da robobin ƙanƙara, ta fi riƙe sanyi idan wuta ta tafi. A guji firiza mai narkar da ƙanƙarar kanta, domin tana ɗumamawa lokaci-lokaci.

Wane bincike na yankinmu wannan hanya za ta yi wa amfani? Ta shiga asibiti?

Auna furotin G da ƙugiya aikin bincike ne, ba gwajin da likita zai rubuta wa majiyyaci ba. Amfaninsa a nan yana wajen neman magani. Kaduna ce mazaunin Cibiyar Binciken Ciwon Barci da Sammore ta Ƙasa, kuma an daɗe ana aiki kan tirifanosoma, ƙwayar da ke kawo waɗannan cututtuka, a Jami'ar Ahmadu Bello. Tirifanosoma, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, ba a same ta da furotin G mai sassa uku ba, amma tana da ƙananan masu kama GTP. Rab5 da Rab11 suna cikin tsarin da take haɗiye rigarta ta furotin, wato VSG, ta wanke antibodin da ya manne ta mayar da ita waje. Wanda ya samar da ɗaya daga cikinsu a E. coli zai iya gwada ko wani sinadari yana hana shi kama GTP, ta hanyar kallon raguwar tudun haɗaka.

Masu gwada tsatson itatuwa su yi hattara da abu biyu. Tanin, wanda ya yi yawa a bagaruwa da ɓawon itatuwa da dama, yana daskarar da kowane furotin, sai tudu ya ɓace a zaci an sami magani. Wasu sinadaran ganye kuma suna ƙyalli da kansu ƙarƙashin shuɗin haske. A guda tsatson shi kaɗai ba ƙugiya, a gwada shi kan wata haɗaka da ba ta da alaƙa da GTP, kamar turombin da aftamarsa, sannan a riƙe DMSO, ruwan da ake narkar da tsatson a ciki, ƙasa da kashi 1 cikin ɗari a kowane samfuri, har da na layin awo.